Abincin Da Ya Canja Jirgi

Sai da ɗaurin yakuwa ya faɗo ta taga ya dira a kan ƙafarta, sannan Daw Hla Yin ta gane ta hau jirgin ƙasan da ke zagaya birnin Yangon ta ɗaya hannun, ba ta hannun da take so ba.

"Wannan ai kasuwar Danyingon ce," ta ce. "Ni Kamayut za ni."

"Za ki je, Inna," in ji wata mai sayar da ganye, tana cafe kaya ta taga. "Sai dai bayan kin gaisa da garin gaba ɗaya."

Mata suka kwashe da dariya. Ita kuwa ta rungume kwanon abincinta mai hawa-hawa. Jiya ɗanta ya aske kai ya shiga gidan ibada, wannan ne abincin farko da za ta kai masa, kuma masu ibada ba sa sa komai a baki da zarar rana ta take. Ta faɗa musu haka. Dariyar ta ɗauke.

Ta yunƙura za ta sauka, amma buhunan kabeji sun toshe ƙofa har ƙirji, gwiwoyinta kuma ba na tsallake ba ne.

Sai ga wani jirgin mai bi ta Kamayut ya shigo daga gaba, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da nasu. Mai ganyen ta zura kai waje, ta ƙwala wa wata ƙawarta da ke cikinsa kira.

"Ohn Kyi! Ke mai bakin tsiya! Kamayut, gidan ibadar bayan tasha, kafin rana ta take!"

"Ni baiwar gidanku ce?" aka amsa daga can. Amma hannu ya riga ya miƙo.

"Sunansa, Inna?" in ji mai ganyen.

"Tun Lwin. Sabon aski."

Kwanon ya bar cinyarta. Ya bi hannun mai ganye, ya ratsa iskar da ke tsakanin tagogi biyu, ya shige cikin mutanen da ba ta taɓa gani ba. Ta hango wani dattijo can ciki ya karɓe shi da hannu bibbiyu, ya ɗaga shi sama da kansa don kada a ture.

Jiragen suka rabu, kowa ya kama gabansa.

"Zai isa kuwa?" ta tambaya a hankali.

"Jariri ma mun taɓa aikawa haka," in ji matar, ta tura mata tulin ganye. "Taya ni tsinka, hanya da saura."

Daw Hla Yin ta fara tsinka. Gonaki suna wucewa, da rufin kwano, da hasumiyoyin zinariya, ita kuwa idonta na kan inuwar sandunan waya, tana kallon yadda take gajarcewa.