Ƙofar Ɗakin Injin Karrinda

Su uku ne a gidan: Narelle, wadda ke aikin jinya a garin Geelong, da 'yarta Tahlia mai shekara goma, da mahaifin Narelle, tsoho Desmond Harkin. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa shi ne mai zama da tsohon ranar Asabar, domin tun bara tunaninsa ya fara yoyo kamar tsohon bokiti. Saboda haka duk Asabar Tahlia kan riƙe hannunsa su hau bas zuwa bakin teku, inda aka ɗaure jirgin yaƙin nan Karrinda.

Shekara talatin da ɗaya Karrinda ya yi yana aiki. Ya raka manyan jirage zuwa Malaya da Vietnam, ya farauci jiragen ƙarƙashin ruwa, ya kai agaji tsibirai bayan guguwa. Yanzu ya zama gidan tarihi, yara na shafa bindigoginsa da hannu duk danƙon alawa. Desmond yana ɗan shekara goma sha tara ya fara aiki a ɗakin injinsa. A gida yakan manta ƙofar banɗaki, amma cikin jirgin bai taɓa ɓata ba.

Ranar da abin ya faru watan Janairu ne, tsakiyar bazara a ƙasar tasu, ƙarfen jirgin ya ɗauki zafi har ba ya taɓuwa. A bakin tsani suka tarar da Lionel, tsohon abokin aikin Desmond, yana karɓar tikiti.

"Ga Kyaftin ta kawo fursunanta," in ji Lionel, yana nuna Tahlia. "Des, har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jira ka riga ni, in gaji hularka."

"Kyaftin, maganin zuciyarsa yana wurinki?"

Tahlia ta bugi aljihunta, ƙwayoyin suka yi ƙara cikin kwalba. "Ƙarfe sha biyu daidai zai sha. Mama ta ce ko minti ɗaya kada ya wuce."

Suka gangara tsani biyu zuwa ɗakin inji. Ba kowa a wurin sai warin tsohon mai. Suna tsaye daga ciki, dab da ƙofar ƙarfe mai sakata shida, Tahlia tana kokawa da murfin kwalbar, sai wata ƙara ta tsage jirgin. Jiniya ce, da murya daga lasifika tana cewa kowa ya kama matsayinsa, ruwa ya shigo. Sabon abu ne da masu kula da wurin suka sa don burge yara lokacin hutu, ba wanda ya tuna ya gaya wa tsofaffin.

Tahlia ba ta taɓa sanin kakanta yana da irin wannan ƙarfi ba. Ya damƙi wuyan rigarta, ya ɗaga ta sama.

"Pearce! Fita, don ubanka, fita!"

Ya wurga ta waje, ta faɗi a kan gwiwa. Kafin ta miƙe ƙofar ta rufu. Ta ji sakatun suna shiga ɗaya bayan ɗaya, har shida, sannan ƙarar sandar ƙarfe da aka tokare su da ita.

"Kaka! Kaka, buɗe!"

Kwalbar na hannunta, shi kuma yana can ciki, inda iska ba ta shiga sai ta wannan ƙofar. Ta ja sakata da hannu biyu, ko motsi ba ta yi ba. Abin da ya fi firgita ta shi ne idanunsa sa'ad da ya ɗaga ta: ya dube ta sosai, bai san ta ba.

Ihunta ya sauko da Lionel, yana dafe da ƙugu, tare da wata matashiyar ma'aikaciya mai waya a kunne. Aka kashe jiniyar. Ma'aikaciyar ta ce 'yan kwana-kwana za su iso cikin minti ashirin da injin yanka ƙarfe.

"Injin yanka ƙarfe?" in ji Lionel. "'Yar nan, in ya ji ƙarfe yana tsagewa a kansa, gawa za ku fito da ita."

"To mu zuba ido?" in ji ma'aikaciyar. "Zafin cikin nan ya wuce digiri arba'in."

Tahlia ta kama hannun rigarsa. "Baba Lionel, wane ne Pearce?"

Tsohon ya dube ta. "Haka ya kira ki?"

Ya durƙusa da ƙyar, ya yi magana da sauri. A shekararsu ta biyu a jirgin, wajen atisaye, wani jirgin mai ya soki Karrinda a ciki. Dokar jirgin ruwa ita ce, in ruwa ya shigo, wanda ke kusa da ƙofa ya rufe ta, ko wa ke bayanta, don kada jirgin ya nutse da mutum ɗari uku. Desmond ne ke kusa. Ya rufe. Pearce, yaro ɗan shekara goma sha bakwai, saura taku huɗu ya iso. Ruwa ya cinye shi a ciki.

"An ba kakanki lambar yabo," in ji Lionel. "Ya jefa ta teku kafin mu kai gida."

Ya ciro sifana daga allon bango, ya buga ƙofar sau uku, ya dakata, ya sake bugawa sau uku. Can sai aka amsa daga ciki, bugu mai rauni. Lionel ya kafa baki a bututun magana da ke gefen ƙofar.

"Harkin! An toshe ɓarakar. Ruwa ya tsaya. Buɗe ƙofa."

Muryar ta fito ta bututun, tana haki. "Ƙarya kake, Lionel. Kullum haka kake cewa. Yaron ya fita?"

"Ya fita."

"Ban ji muryarsa ba. Ba zan buɗe ba sai na ji."

Lionel ya juyo ga Tahlia, ya rage murya. "Kyaftin, ki kauraro muryarki ki ce ke ce Pearce. Kalma biyu kawai."

Ta ɗage a kan yatsu ta kai baki ga bututun. Tana jin numfashinsa yana fita guntu-guntu, da wani kurman sauti kamar ya zame ya jingina da ƙofar. Ta buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Ta ji tsoron in ta zama Pearce yau, ba za ta sake zama Tahlia a wurinsa ba.

"Kaka, ni ce. Tahlia ce. Na fita. Takalmana a bushe suke, wallahi ko ɗigo babu."

Ma'aikaciyar ta toshe nata bakin da hannu.

"A bushe?" in ji muryar.

"A bushe ƙamas. Gwiwata kawai ka fasa mini."

Sandar ta faɗi ƙasa. Sakatun suka fara komawa a hankali, ta ƙarshen sai da Lionel ya taimaka daga waje. Desmond na zaune a ƙasa, rigarsa sharkaf da gumi, leɓɓansa sun yi toka-toka. Tahlia ta tura masa ƙwaya ƙarƙashin harshe. Bai dubi fuskarta ba. Hannu ya miƙa ya shafa takalminta na dama, ya shafa na hagu, sannan ya jingina kansa da bango ya lumshe ido.

"To, madalla," ya ce.

Masu motar asibiti suka hau da shi a kan gadon ɗauka. Da ɗayansu ya tambaye shi sunan yarinyar da ke biye da su, sai ya yi ta dubanta, ya kasa tuno shi. Tahlia ba ta yi kuka ba. Ta gane cewa kakanta zai iya manta sunanta, amma ko da wane suna ya kira ta, ita zai tura ɓangaren da ba ruwa, shi ya tsaya a ɗayan.