Hasken da Alhaji Mudi Ya Ƙara

"Ba zan tafi da ita ba, Alhaji."

Alhaji Mudi, mai shagon hoton da nake wa aiki a Gwarzo, ya dube ni ta saman tabarau. Sabuwar kyamarar tana kan tebur a tsakaninmu.

"Fiddausi, ba shawararki na nema ba. Walimar sauka ce a gidan Malam Najmuddeen a Kabo, cikin gida kuma sai mace. Ki ajiye wannan gyatumar taki ki ɗauki wannan."

"Da gyatumar za mu je."

Tawa kyamarar madubi ne a cikinta. In na ɗora ido a kafar leƙawa, hasken da ya sauka a fuskar mutum shi ne yake isowa idona, ko a kashe take. Da ita na yi difloma a Kano, kuma ni na zo ta ɗaya a ajinmu. Sabuwar ba ta da madubi. Wani ɗan mitsitsin allo ne a kafar, kamar talabijin, yana nuna hoton yadda injin ya riga ya gyara shi. Wannan kaɗai ba laifi ba ne. Amma Alhaji ya sa an saita ta tana ƙara haske tana goge fata, ya kuma hana a taɓa saitin.

Ranar da aka kawo ta na gwada ta a kan Uwaliya, mai awara a ƙofar shagonmu. Na leƙa, sai ga wata farar mata da ban taɓa gani ba, har tsagen kumatunta ya dushe. Na ɗago kai, ga Uwaliya tana juya awararta. Tun daga nan ban sake taɓa ta ba.

A da, in na kawo hotuna, Alhaji ne yake zama gaban kwamfuta yana haska su ɗaya bayan ɗaya. Ina gani ina kawar da kai, tunda ba hannuna ba ne. Yanzu bayansa ya gaji da zama, yana so a gama aikin tun a idona.

Ya ce, "To, malamar boko. Je ki da taki. Amma ba zan taɓa ko ɗaya ba. Yadda kika ɗauko haka za a wanke, kuma ke za ki kai musu da hannunki."

Na ce na yarda.

Mai saukar sunanta Khadijatul Kubra, shekararta goma sha biyar. Baƙa ce siɗik, mai dogon wuya, an naɗa mata farin mayafi. Bayan la'asar na zaunar da ita a gindin mangwaron tsakar gida da allonta na zayyana a cinya. Na jira har ranar ta sauko ta gefen kuncinta. Ta madubi nake kallonta lokacin da kakarta ta tsokane ta da cewa mijinta ya kusa, ta danne dariya, sannan na danna. A shekara uku da na yi ina wannan aiki ban ɗauki hoton da ya kai wannan ba.

Ranar Laraba na hau motar Kabo da hotunan a cikin ambulan. Muka gaisa da Hajiya Ladidi, uwar yarinyar, ta tambayi mutanen gida da gajiyar walima, ta sa aka kawo min zoɓo. Sai ta zaro babban hoton. Ta daɗe tana kallo.

"Wutar ce ta ɗauke muku kuna cikin wanki?"

"A'a, Hajiya. Haka yake."

"Wannan ai kamar gindin tukunya. Ni ƴata ba haka take ba."

Kubra tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta fi taku uku da hoton ba. Na ce, "Hajiya, ga ta nan. Ki haɗa su ki gani."

"Ina ganinta kullum, Fiddausi. Wanda za a rataye a falo nake magana. Na ƴar Malam Dabo da kuka yi bara, ai sai ka ce balarabiya."

Da maganar ta tsaya a nan, da na iya ɗauka. Amma da na miƙe, Kubra ta rako ni har soro. Ta waiga ta ga ba kowa, sannan ta ce a hankali, "Anti, don Allah ki ɗan haska ni. Ko kaɗan ne. Ƙawayena za su gani."

Na ce mata, "Ke kyakkyawa ce." Ta kalli ƙasa kamar na zage ta.

Kafin in iso Gwarzo waya ta riga ni. Alhaji ya miƙo hannu, na ba shi katin kyamarar, don hotunan na shago ne. Ya zauna gaban kwamfuta yana tsaki, ina tsaye ina kallon yadda Kubra take komawa launin alli.

"Sabuwar ko ƙofa," in ji shi, ko juyowa bai yi ba.

Na rataya gyatumata na fita.

Cikin sati ɗaya ya kawo ƴar ƙanwarsa, Aisha Humaira. Ba ta san komai game da haske ba, kuma ba ta buƙatar sani: ta leƙa, in ta ga fari ta danna. Mata suna yabon hannunta har Unguwar Tudu.

Ni kuwa na buga lambata a takarda na manna a ƙofar Islamiyyu biyar. Sau biyu aka kira ni, duka biyun kuma tambaya ɗaya aka fara yi: "Ke ce mai baƙin hoton nan?" Innata ta ce in je in ba Alhaji haƙuri, ai danna maɓalli ne kawai. Ban je ba, kuma ba zan je ba.

Wata takwas ke nan. Na rasa aikina, na rasa sunana a gidajen biki daga Gwarzo har Kabo, kuma babu walimar da na sake ɗauka. Yanzu ƴan aji biyu nake koya wa ƙidaya a wata firamare a Kutama, Innata kuma ta daina gaya wa mutane abin da na karanta.