Maganin Ciki a Maƙogwaron Ladan

Malam Badamasi ya kai "Hayya alas-salati" ke nan muryarsa ta tsinke. Abin da ya fito daga lasifikar masallacin Dugabau ya fi kama da kukan tsohuwar ƙofa. Ya ƙarasa kiran azahar da ƙyar, wani ɗaci yana taso masa daga ƙirji zuwa maƙogwaro.

Bayan sallah Liman ya ja shi gefe. "Malam, ba korarka muke yi ba. Amma azumi ya ƙarato, kuma da kiranka mutane ke ajiye sahur. Idan murya ba ta dawo ba, sai Ja'afaru tela ya riƙe."

Ja'afarun da ke jan kiran sallah kamar mai tallan atamfa. Badamasi ya sunkuyar da kai. Tun yana saurayi garin ke tashi da muryarsa, kuma ya san ladan marar murya tamkar rijiya ce da ta ƙafe, ana ci gaba da kiranta rijiya ne don kara kawai.

Ba a bar shi babu magani ba. Kullum Gali mai shayi yana haɗa masa na musamman da masoro da barkono. Alhaji Sabi'u yana aiko lemon tsami. Matarsa Uwaliya kuma ba ta barinsa ya kwanta sai ya sha romo mai yaji, wai ya buɗe maƙogwaro. Duk yana sha, murya tana ƙara dishewa.

Washegarin maganar Liman ya hau mota zuwa asibiti a Gwarzo. Likitar, wata matashiya mai suna Halima Sa'adiya, ta haska maƙogwaronsa, sannan ta ce, "Baba, kana yawan ƙwannafi?"

"Wa ya rasa ƙwannafi, 'yata? Ni maƙogwaro na kawo miki, ba ciki ba."

"Ai cikin ne ya aiko saƙo. Idan ka kwanta daga gama cin abinci, ruwan tsamin ciki yana tasowa ya ƙona maƙogwaro." Ta rubuta masa omefirazol. "Wannan yana rage tsamin. Shi muke ba masu gyambon ciki ma. Ƙwaya ɗaya da safe kafin ka ci komai, ka haɗiye, kada ka tauna. Yaji da lemon tsami ka huta da su. Idan ya ƙare ba sauƙi, ka dawo mu zurfafa bincike."

"To, shayin Gali fa?"

"Gali likita ne?"

"A'a. Amma zai ji ba daɗi."

A hanyar dawowa ya yi ta juya zancen. Maganin ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce mayar da hannun kyauta. A gida Uwaliya ta kama ƙugu. "Wato romona ne ya kashe maka murya?"

"Ni ban ce ba. Likita ce ta ce, ita ma ba ta ambaci suna ba."

Daga ranar ya ci gaba da karɓar shayin Gali da hannu biyu, ya yi godiya, ya kai wa bishiyar darbejiyar bayan masallaci. Lemon Alhaji kuwa Uwaliya ta mayar da shi na wanke tukunya.

Ranar da ake duban wata ya tsaya gaban lasifika da magariba. Ya buɗe baki. Muryar ta fito tas, ta ratsa gari har gonakin bayan rafi.

Ana idar da sallah gardama ta kaure a ƙofar masallaci.

"Na gaya muku masoro ba ya ƙarya," in ji Gali.

"Masoron me? Lemon tsamina ne," in ji Alhaji Sabi'u. "Malam, ka raba mu."

Badamasi ya shafa aljihun da katin maganin yake. "Kowa ya taimaka," ya ce.

Gali ya ruga teburinsa ya dawo da kofi yana tururi. "Riƙe, Malam. Yau na ninka barkonon, don ta zauna daram."

Badamasi ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya waiga ya ga Ja'afaru yana neman takalminsa.

"Zo nan, tela," ya ce, yana miƙa masa kofin. "Kai ma ai kana son murya."