Sikirin Biyu a Shagon Shamsuddeen

Rahma mai zana haruffa ce a kwamfuta. Aikin da ke hannunta a lokacin shi ne mayar da rubutun ajamin baffanta, Malam Habu na Kibiya, ya zama haruffan da kowa zai iya bugawa. Amma laftof ɗinta ƙarama ce, kullum sai ta duƙa har hancinta ya kusa taɓa gilashin, wuyanta ya ƙage. Don haka da Shamsuddeen, mai gyaran kwamfuta a Rano, ya kira ta ya ce ya shigo da sikirin biyu, wato allunan kallo na kwamfuta, daga Kano, ba ta ɓata lokaci ba. Malam Habu ya zo gaisuwa gidansu Rahma ranar, ya ce ƙafarsa ƙafarta, yana son ya ga inda ake ajiye masa rubutu.

Ɗaya sikirin ɗin ƙato ne kamar talabijin, yana sheƙi. Ɗayan bai kai shi ba.

"Yaya Rahma, babban za ki ɗauka," in ji Shamsuddeen. "Masu kallon ƙwallo rububinsa suke."

Ta haɗa shi da laftof, ta buɗe harafin nun. Abu na farko da ta gani fuskarta ce, da ƙofar shago, da babur yana wucewa a bayanta. Ta matsa kusa. Gefen harafin ya yi tsini-tsini kamar bakin zarto.

Malam Habu ya gyara tabarau. "Ni dai ban yi masa haƙora ba."

"Ba kai ba ne, Baffa. Sikirin ƙananan ɗigo ne a jere. Na wannan manya ne, shi ya sa ake ganinsu."

"Ɗigo? Nuna mini ɗaya."

Shamsuddeen ya miƙo madubin ƙara girma da yake duba ƙananan wayoyi da shi. Malam ya kara shi a kan farin shafin, ya leƙa.

"Ja ne. Ga kore, ga shuɗi. To ina farin?"

"Su ne farin, Allah gafarta Malam, in sun haɗu," in ji Shamsuddeen.

"Baƙin fa?"

"Nan kuma rufe haskensu ake yi."

Malam ya girgiza kai yana murmushi, ya ƙi mayar da madubin.

Rahma ta koma kan ƙaramin. Babu sheƙi, gefen harafin sumul kamar an ja shi da tawada. Tana cikin jin daɗi sai idonta ya faɗa kan wani ɗan kumburi a wutsiyar nun, wanda ba ta taɓa gani ba. Ta ɗauka kuskurenta ne. Ta buɗe hoton takardar da ta kwafa, ta ƙara girmansa. Kumburin yana nan, a rubutun Malam.

"Baffa, mene ne wannan?"

Ya leƙa, sannan ya ɗaga hannu ya rubuta nun a iska, a hankali. Da ya zo wutsiyar, ɗan yatsansa ya murza kaɗan.

"Ikon Allah. Nan nake juya alƙalami. Ban san yana barin alama ba."

"In goge shi?"

"Dakata tukuna. Lam ma haka nake yi masa?"

Ta buɗe lam. Babu komai. Ta buɗe sin, sai ga shi, ƙarami fiye da na nun. Ita da Malam suka kalli juna. Rahma ta fara tunanin sauran haruffan da ta riga ta gama, da abin da wataƙila ta share a cikinsu ba ta sani ba.

"Wannan zan ɗauka," ta ce, ba ta ko juyo ba.

Shamsuddeen ya ɗauko kwalin ya tsaya yana jira a cire waya. Malam Habu ya jawo benci ya zauna, ya tattare hannun riga.

"Ɗan ajiye kwalin nan, Shamsu. Rahma, buɗe mana sad."