Muryar da Ke Tsallaken Rafi

Ranar nan saura kaɗan Auta ta fasa zuwa rafi. Har ta jingine sandar fatsa a bayan ƙofa, sai Gwaggo ta leƙo daga ɗaki.

"Auta, yau kifaye sun samu hutu ke nan? Gara haka. Wanda kika kawo jiya, kyanwa ma shinshinawa ta yi ta dube ni."

Auta ta sake ɗaukar sandar da gwangwanin da take zuba tana, ta bi ta bayan garejin masu gyaran babura, ta gangara.

Rafin ba wani babba ba ne, da rani ruwansa iya gwiwa yake. A gindin wata bishiya akwai faffaɗan dutse inda Baba yake zama tun tana goye. A tsallake kuma, kan tsohuwar tayar mota, wani tsoho ne yake zama. Baba yana kiransa Rediyo don bakinsa ba ya hutawa, shi kuwa yana kiran Baba Kurma. Babu wanda ya san gidan wani. A bakin ruwa abotarsu ta fara, a nan kuma take kwana. Rediyo ya yi ta zuba, in Baba ya ga dama ya ƙwanƙwasa gwangwani da yatsa. Amsarsa ke nan.

Da aka share makokin Baba, dangi suka watse, yayyenta suka koma bakin aikinsu, Auta ta sauko rafin don kawai ta ga wurin. Tana zama a kan dutsen ta ji murya daga tsallake.

"Kurma, ashe kana duniya? Na ce ko tarwaɗa ce ta ja ka."

Idon tsohon ya daɗe da yin hazo, inuwa kawai yake gani. Hannunta ne ya kai kan gwangwanin, ta ƙwanƙwasa yadda Baba yake yi. Tun daga ranar kullum sai ta zo. A gida kowa "marigayi" yake cewa, a sassauta murya, a kawar da kai. Nan ne kaɗai ake tsokanar Baba da ƙarfi kamar yana zaune.

Yau ma ta tarar da shi ya riga ta.

"Ka makara, malalaci. Manyan duk sun zo sun gaishe ni sun wuce. Wai ka san tanarka ba ta da daɗi? Kifi ma ya san marowaci."

Ta ƙwanƙwasa. Ta soka tana, ta jefa. Rediyo ya ba da labarin ciwon bayansa, da surukarsa mai kashe masa fanka, da wata karfasa da ya taɓa kamawa wadda kullum ƙara girma take yi a bakinsa. Auta ta haɗa kai da gwiwa tana sauraro, ba ta ko duba zarenta ba.

Can sai ta ga sandarsa ta lanƙwashe. Ya ja, ya ƙara ja, zaren ya tsinke.

"To, saiwa ta cinye min ƙugiya." Ya laluba aljihu ya fito da wata. "Taso ka ɗaura min. Ka san ni da ganin zaren nan sai a lahira."

Ta sha ganin Baba yana naɗe wando ya tsallaka don wannan aikin. Ta ƙwanƙwasa gwangwanin a hankali.

"Ba kiɗa na ce ka yi min ba. Taso mana, ko ƙafar ma ta kurumce?"

Ta dubi hanyar gareji. In ta hau yanzu, ba zai taɓa sani ba. Ta waiwayo. Tsohon ya ɗaga ƙugiyar sama yana jira, ya miƙa ta wajen da ba kowa.

Ta tattare zanenta ta shiga ruwan. Da sanyi, laka tana shiga tsakanin yatsunta. Ta karɓi ƙugiyar ba tare da ta dube shi ba. Ta zura zaren, ta nannaɗa shi a wuyan ƙugiyar yadda Baba ya koya mata, ta jiƙa da yawu, ta ja da haƙori. Ta sa masa a tafin hannu.

Ya shafa ƙullin da babban yatsa. Sai ya laluba ya kama hannunta, ya daɗe riƙe da shi.

"Ƙullin nasa ne," ya ce. "Hannun ba nasa ba ne."

"'Yarsa ce, Baba. Autarsa."

"Shi fa?"

Ruwa yana ɗiga daga bakin zanenta. "Allah ya yi masa rasuwa."

"Yaushe?"

"Tun ruwa yana rufe dutsen can."

Ya saki hannunta. Leɓɓansa suna motsi, ta ji ƙarshen addu'ar ta ce amin.

"Duk shirmen nan da nake yi, ke nake yi wa?"

"Eh."

"Me ya hana ki faɗa min, 'yar nan?"

"Kai kaɗai ne ba ka sani ba," ta ce. "Shi ya sa."

Ya naɗe zarensa, sabuwar ƙugiyar ko ruwa ba ta taɓa ba. Ya hau gangaren yana dogara sandar fatsa, ita kuwa tana tsaye har ya ɓace a bayan ciyayi.

Washegari ta sauko da wuri, ba ta sa ran ganin kowa ba. Yana nan kan tayarsa, ya jefa fatsa, ya zuba wa ruwa idon da ba ya gani. Ya ji zamanta, bai ce uffan ba. Rana ta ɗaga. Ban da kwaɗi da bugun guduma daga gareji, babu abin da ake ji.

Can ta ce, "Baba Rediyo, ƙugiyarka fa a kan ciyawa ta sauka. Ko akuya kake son kamawa?"

Muryar ko tsakiyar rafin ba ta kai ba. Tsohon ya ɗan karkato kunne. Sai Auta ta miƙe tsaye a kan dutsen, ta ja numfashi, ta sake faɗa da ƙarfi.