Gurbin Duwatsun Rumbu

A ranin shekarar 2005 ne Malam Jabiru, mai binciken kayan tarihi, ya zo daga jami'a ya ja igiyoyinsa a kan wani tsauni da ke bayan Zuru, inda kakanni suka zauna kafin a sauko ƙasa. Dattawa suka yarda ya tona, muddin bai kusanci kaburbura ba. Ya nemi 'yan makaranta masu son taimako. Aikinsu kwasar ƙasa a kwano da tankaɗe ta.

Dinah ce ta fara ɗaga hannu. A aji an koya mata cewa mutanen tsauni 'yan gudun hijira ne da ba su san komai ba sai yunwa. Littafi ya faɗa, malami ya maimaita, kuma a ajin ba wanda ya taɓa hawa ya duba. Ita so take ta gani da idonta.

Wata safiya Malam Jabiru ya makara a gari wajen neman batirin kyamara. Yara suka gaji da zama. Dinah ta dubi filin da aka kewaye, duk duwatsu birjik, ta ce abin kunya ne baƙo ya tarar da wurin aikinsa haka. Ɗan manomin tsauni kuwa ko bai iya rubuta sunansa ba, ya san dutse a gona gefe ake kai shi. Suka yi layi kamar 'yan gayya, suna miƙa wa juna, har suka jera su a gefe tsaf.

Da mutumin ya iso, sai ya cire hularsa ya zauna a ƙasa.

"Malam, mun gyara maka," in ji Haggai, ƙanin Dinah. "Ko sannu babu?"

"Kun gyara ni dai. Ban ɗauki hotonsu ba, ban auna ba. Ku tafi gida. Gobe ma ku huta."

Yara suka fara zamewa. Dinah ta tsaya.

"Malam, duwatsu ne fa. Irinsu sun cika tsaunin nan."

"'Yata, inda mai dutse ya ajiye shi nake nema. Dutsen da aka ɗauke ba abin da zai gaya mini."

Ta ruga ta rungumo ɗaya. "To bari in mayar. Wannan nan yake, ga raminsa."

"Ajiye! In kin mayar, aikin hannunki zan auna, ba na kakarki ba."

Sai ya tashi ya leƙa ramin da ta nuna. Ƙasar cikinsa ta fi ta gefe duhu, rana ba ta kai ga busar da ita ba tukuna. Ga wani kusa da shi, ga wani.

"Kai, sarkin gyara," ya ce wa Haggai da bai yi nisa ba, "kira 'yan uwanka. Ku kwaso tokar murhun mai gadinmu. Wanda ya taka rami ɗaya, da kaina zan kai shi gaban uwarsa."

Suka bi a sanɗa suna barbaɗa toka a kowane gurbi. Da suka gama, ya hau da su kan wani falalen dutse suka dubo ƙasa. Fararen ɗigo sun yi zobe, zobe kusa da zobe, har bakin igiya.

"Gindin rumbu ne!" Dinah ta ce. "Haka namu yake zaune kan duwatsu saboda gara."

"Duk waɗannan?" in ji Haggai. "Mai yunwa me zai zuba ciki?"

"Kada ka yi sauri. Sai mun gano ko zamani ɗaya aka gina su," in ji Malam Jabiru yana ɗaukar hoto. "Kuma zan rubuta cewa an kwashe duwatsun, ba zan ɓoye ba."

Dinah ta sunkuyar da kai. "To gobe fa, Malam?"

"Gobe 'yan makarantar Sakaba za su zo, su ma 'ya'yan manoma ne. Ki riga su isowa, ki tsaya bakin igiya. Duk wanda ya sunkuya, ki riƙe masa hannu."