Mutum Tara da Ango Ya Tafi da Su

Hindatu ma'aikaciya ce a wani ƙaramin gidan rediyo na garin Bouza. Kowace Alhamis tana da shiri na rabin awa, inda take ba da tarihin wani babban mutum na ƙasar Adar: malamai, ungozomomi, tsofaffin soja. A shekara ta 2016, da kaka, aka gama ginin sabon kolej a wani gari na yankin Babankatami, aka yanke shawarar sa masa sunan Alhaji Ango. Sai daraktan rediyo ya kira ta.

"Wanga aiki naki na," in ji shi. "Jikanyarshi kike, ba wanda zai ba da labarinshi kamarki."

Alhaji Ango kakanta ne na wajen uwa, ya rasu tana da shekara goma sha biyu. Abin da kowa ya sani game da shi ita ma shi ta sani. Ya yi gardi zamanin Nasara, irin dogaran kumandan, Baturen mulki, masu yawo ƙauyuka bisa doki. Daga baya ya aje kaki ya koma noma. Shi ya fara kai ɗiyansa lakwal, wato makarantar boko, lokacin da mutane ke ɓoye nasu cikin rumbu. Shekarar babbar yunwa ya buɗe rumbunansa ga duk wanda ya zo, ya kuma gina rijiya shida a ƙauyuka dabam-dabam. Hindatu ta ce za ta bi rijiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki muryar mutanen da suke sha.

Biyar na farko ba ta sha wuya ba, ko'ina addu'a ake yi masa. Ta shida tana wani ɗan ƙauye arewa da Azarori, gindin dutsi. Ta isa da hantsi bisa babur ɗin kabu-kabu, ta iske mata na ɗiban ruwa. Da ta tambayi wanda ya ga ginin rijiyar, sai suka dubi juna, sannan ɗaya ta nuna mata wani gida a bakin gari.

"Je ki ga Inna Zali. Amma ban sani ba ko za ta yi miki magana."

Inna Zali tsohuwa ce ƴar shekara tamanin, idonta ya fara dushewa, tana zaune bisa tabarma tana ɓarar wake. Suka gaisa, aka kawo ruwa. Hindatu ta aje na'urarta ta ce tarihin Alhaji Ango take haɗawa. Ba ta faɗi ko ita wace ce ba.

"Ango gardi," tsohuwar ta ce. Ta ture ƙwaryar waken gefe. "Abin naki na ɗauka? To, ya ɗauka."

Ta ce tana ƴar shekara bakwai aka aiko daga bariki ana son mutum tara don aikin hanya. Aikin tilas ne, kowa ya san yadda yake. Da labari ya zo, mazan gari suka hau dutsi suka ɓoye cikin kwazazzabai, mata na kai musu hura a sace. Gardi biyu suka zo suka koma ba su samu kowa ba. Na uku shi ne Ango.

"Shi uwarshi ƴar garinga ta. Da yana yaro nan shika zuwa cin kaka. Bai zo da bulala ba, ɗiyata. Ya sauka ga doki, yat tahi masallaci, yad ɗauki Alƙur'ani gaban liman ya rantse, ya ce kwana goma sha biyar na, kahin a yanke gero sun komo, kuma shi da kanshi zai maido su. In sunka ƙi, kumandan zai aiko a ƙone rumbuna. Babana shi as soma saukowa. Ya ce, Ango ɗan'uwanmu na, ba shi yi muna ƙarya bisa Littahi."

"Mi as sunan babanki, Inna?"

"Ɗanmaraya. Bayanshi sai Nuhu maƙeri, sai Yaƙubu da ƙanenshi Aliyu..."

Hindatu ta san sunan da zai biyo baya. Mahfuzu. Bayan Mahfuzu, Abdulƙadir dogo. Tun tana ƙarama take jin su. Kowace safiya bayan asuba kakanta kan zauna bisa buzu gindin rumbu, ya juya wa gida baya, ya riƙa kiran sunaye tara yana lanƙwasa yatsunsa ɗaya-ɗaya. Su yara sun ɗauka wuridi ne, har suna rerawa in suna wasan gaɗa. Ranar da ya ji su bai tsawata ba, ya tashi ya shiga ɗaki, bai fito ba har azahar.

Tsohuwar ta kai na bakwai ta tsaya tana lalube. Bakin Hindatu ya riga hankalinta, ta faɗi biyun da suka rage.

Inna Zali ta ɗago kai.

"Ke ɗiyar wa ta?"

"Jikanyarshi nike, Inna."

Hindatu ta miƙa hannu za ta kashe na'ura, tsohuwar ta ce ta bari.

Aka yanke gero, ba su dawo ba. Aka yanke dawa, aka shiga ɗari. Sai da bazara ta kama Ango ya zo shi kaɗai. Ya tsaya bakin gari, bai sauka daga doki ba. Ya ce ciwon ciki ya shiga sansanin aiki, ruwa ya yi ƙaranci, mutanensu duka Allah ya yi musu rasuwa. Ya juya ya tafi kafin mata su fara kuka.

"Shekara ashirin da wani abu, sai ga shi da magina rijiya, ya zama Alhaji. Mutane sunka sha, ba laihinsu ba na, ƙishirwa ta. Ni ma ina sha. Amma innata ba ta taɓa ba. Kullum sai ta ɗauki tulu ta tahi tsohuwar rijiya bayan dutsi, har tat tsuhwa, har tam mutu. Ta yi muna wasiyya kada a yi mata wanka da ruwanshi." Ta jawo ƙwaryarta. "Ni ba alhakinshi nika bi ba, yana gaban Mai shi. Abu guda nika so. Tunda ke jininshi ta, ki tambayo mini ina anka bizne babana."

Hindatu ta koma Bouza. Kwana uku ba ta iya sauraron abin da ta ɗauko ba. In ta zauna gaban makirufo tana karanta sanarwar ɓatan awaki, sai ta ga yatsunta na lanƙwashewa da kansu bisa tebur. A rana ta huɗu ta tafi wajen Kawu Bashiru, babban ɗan Alhaji Ango, tsohon malamin lakwal da ya yi ritaya. Ta iske shi a zaure yana gyaran takardar jawabin da zai yi ranar buɗe kolej. Ta kunna masa. Ya saurara har ƙarshe, idonsa a ƙasa.

"Kawu, kun sani?"

"Ban san sunan garin ba. Sauran na sani." Ya cire tabarau. "Ina saurayi ya ɗauke ni bayan doki, munka bi tsohuwar hanyar Nasara da ba a bi yanzu. Wani wuri ya tsaya, ga duwatsu jere. Ya ce, nan na bar mutane. Na ce, su wa? Ya ce in sake tambaya ba ni ba shi. Hindatu, mutumen ga ya ciyar da ƙasa guda da yunwa. In kin sa wanga ga rediyo, shi kaɗai za a riƙe."

"Ban zo kan rediyo ba, Kawu. Wata tsohuwa ka son ganin kabarin ubanta."

Ya ce ba zai je ba, ƙafafunsa ba su da lafiya, kuma ba lalle ya gane wurin ba. Bayan mako guda ya kira ta a waya da sassafe ya ce ta nemo mota.

Suka ɗauko Inna Zali a ƙauyensu. Da Kawu Bashiru ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa, ta ce muryarsa irin ta ubansa ce, ba ta ƙara ba. Mota ta kai su inda za ta iya, sauran suka taka, Hindatu na riƙe da hannun tsohuwar. Hanyar ta shafe, sai ɗan tudu mai tsawo da ya ratsa fako, da tsakuwa ja a kansa. Sau biyu Kawu ya ɓace. A ƙarshe ya tsaya kusa da wani kwazazzabo da ruwan damina ya ci gefensa. Duwatsun suna nan, amma ba tara ba ne. Hindatu ta ƙirga har talatin da ɗaya, wasu kuma sun riga sun zube cikin kwazazzabon.

"Wane na nashi?" Inna Zali ta tambaya.

"Inna, ban sani ba," in ji Kawu Bashiru.

Ta saki hannun Hindatu. Ta bi su a duƙe, tana dafa kowane dutsi da tafin hannu, tana yin sallama, ta yi addu'a, ta matsa ga na gaba. Ba ta tsallake ko ɗaya ba. Rana ta take, suna tsaye suna jiranta, har inuwarsu ta koma ƙarƙashin ƙafafunsu.

Alhamis ta gaba Hindatu ta sa shirin. Ta ba da labarin lakwal da rumbuna da rijiyoyi, sannan ta sa muryar Inna Zali ba ta yanke komai ba. An buɗe kolej da sunan Alhaji Ango kamar yadda aka shirya, Kawu Bashiru ya aiko cewa ba shi da lafiya, wani ya karanta jawabinsa. Ƴan'uwan uwarta biyu sun daina amsa gaisuwarta.

Tun daga lokacin kuma waya ba ta huta ba a gidan rediyon. Daga wajen Keita, daga Tabotaki, tsofaffi ne ke sa a kira musu, kowa da sunan wani da aka tafi da shi aikin hanya, suna tambaya ko yana cikin na bakin kwazazzabon. Hindatu takan rubuta sunan, ta ce musu ba ta sani ba.